Bit 32 ko bit 64: wa sikirif ɗinka yake tambaya?

Duk mai rubuta sikirif (jerin umarni da kwamfuta ke bi da kanta) na girka manhaja yana buƙatar sanin wane fayil zai ɗauko, na bit 32 ko na bit 64. Matsalar ita ce amsa uku ke akwai: ta furosesa (guntun da ke aiwatar da umarni), ta babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, da ta shirin da sikirif ɗin ke gudana a cikinsa. Ba kullum suke zama ɗaya ba. Tsohuwar laftof tana iya samun furosesa mai bit 64 alhali Windows ɗin da aka ɗora mata na bit 32 ne, kuma fayil na bit 64 ba zai taɓa buɗuwa a kanta ba.

A Windows, yawancin mutane PROCESSOR_ARCHITECTURE suke dubawa, wani bayani da Windows ke miƙa wa kowane shiri. Sunan ne ke yaudararsu, domin ba furosesa yake bayyanawa ba. Idan wani shiri mai bit 32 ne ya kira sikirif ɗin a Windows mai bit 64, to a cikin WOW64 yake gudana, wato ɓangaren Windows da ke tafiyar da shirye-shiryen bit 32, kuma amsar da zai samu ita ce x86, wato bit 32. Amsar gaskiya an ajiye ta a PROCESSOR_ARCHITEW6432, wanda zai nuna AMD64, wato bit 64. Don haka shi za ka fara dubawa. In babu shi, sannan ka koma na farkon. Illar ba ta tsaya nan ba: irin wannan shirin in ya nemi System32, ma'ajiyar fayilolin Windows, Windows karkatar da shi yake yi zuwa SysWOW64, sai ka ga fayil yana nan amma sikirif ya ce babu. Hanyar isa ainihin wurin ita ce %windir%\Sysnative.

PowerShell, harshen rubuta sikirif na Windows, ya fi sauƙi. [Environment]::Is64BitOperatingSystem yana magana a kan Windows, Is64BitProcess kuma a kan shirin da kake ciki. In furosesa kake nema, duba Win32_Processor: DataWidth na furosesa ne, AddressWidth kuma Windows ɗin da ke kai yake bi, shi ya sa za ka ga 64 da 32 a kwamfuta ɗaya. Architecture yana ba da 0 ga x86, 9 ga x64, 12 ga ARM64. Amma ban ba da shawarar dogaro da OSArchitecture ba, saboda rubutunsa yana bin harshen Windows. Sikirif da ke neman "64-bit" zai yi aiki a Kano, ya kasa a kwamfutar da aka girka da Faransanci a Maraɗi, inda amsar take "64 bits".

A Linux kuwa, umarnin uname -m labarin kanel, wato zuciyar babbar manhajar, kawai yake bayarwa. Tun 2023 Raspberry Pi 4, wata ƙaramar kwamfuta, yana tashi da kanel mai bit 64 ko da sauran manhajar ta bit 32 ce, sai uname ya ce aarch64 (ARM mai bit 64), sikirif ya sauke fayil ɗin arm64, fayil ya ƙi gudana. Nan getconf LONG_BIT ko dpkg --print-architecture ne za su faɗa maka gaskiyar sauran manhajar, wato 32 da armhf (ARM mai bit 32). Alamar lm a /proc/cpuinfo ita ke nuna furosesan Intel ko AMD zai iya ɗaukar bit 64.

Mac mai guntun Apple, tun daga M1 na 2020, yana da nasa tarkon: a ƙarƙashin Rosetta 2, mai fassara shirye-shiryen Intel domin guntun Apple, uname -m zai ce x86_64. Sai ka kira sysctl -n sysctl.proc_translated, in ya dawo da 1, fassara umarnin ake yi, injin kansa arm64 ne.

Wajen zaɓen direba (manhajar da ke sarrafa na'ura) ko fayil ɗin girkawa, babbar manhaja za ka tambaya. Wajen loda DLL (fayil ɗin umarni da shirye-shirye ke kira a Windows), shirin da zai loda shi ne ma'auni, domin shiri mai bit 32 ba ya loda DLL mai bit 64. Furosesa sai lokacin da kake son sanin ko injin zai karɓi sabuwar babbar manhaja, misali Windows 11, wanda ba shi da na bit 32 sam.