Waƙar da na yi wa Kaka ba ita ce a ciki ba

Ƙannena masu son rubuta waƙa, bari in ba ku labarin wani kuskurena ko Allah zai sa ku kauce masa.

Kwana uku da rasuwar Kaka na ɗauki biro na ce marsiyya zan yi mata. Na zauna har tsakar dare na haɗa baiti ashirin ƙwar biyu-biyu, amsa-amo ya zauna daram, na kira ta fitila, na kira ta inuwa, na kira ta farin wata. Da na karanta wa mahaifiyata sai ta yi shiru, can ta ce, "Ta yi daɗi, amma wannan ai kakar kowa ce." Wallahi maganar nan ta soke ni, don gaskiya ta faɗa, duk wanda ya cire sunan ya sa na tasa kakar waƙar za ta hau ba gyara.

Kaka ba ta taɓa buɗe baki ta ce tana sona ba, ko sau ɗaya. Abin da take yi shi ne in na yi dare a waje ba ta runtsawa, ina turo ƙofa sai in ji ɗan tarinta daga ɗaki, wato ta ji na dawo, sannan fitilarta ta mutu. In zazzaɓi ya kama ni da bayan hannu take taɓa goshina, ta tafi ta dawo ta sake taɓawa. Sai kuma allura. Kullum sai ta kira ni, "Zo ɗan nan ka sa min zare, idona ya ƙi." Ni kuma hankalina na kan waya, in zura zaren a tsaye in miƙa mata ko kallonta ban yi ba, har ranar nan na ce mata ta riƙa kiran wani mana. Ba ta ce komai ba, ba ta kuma ƙara kirana ba. Daga baya mahaifiyata ke gaya min ai in ba na gida Kaka da kanta take sa zarenta, so take kawai in zauna kusa da ita ko na minti biyar.

To duk wannan babu ko ɗaya a waƙata, saboda ina can ina farautar kalmomin da ƙarshensu zai dace.

Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi marsiyyoyi da dama ga matan da ta zauna da su, kuma halinsu na yau da kullum take ambata, haƙuri, zumunci, kyautata wa maƙwabta. Waƙoƙinta ma dattijan mata ne, waɗanda ake kira jaji, jagororin 'Yan Taru, wato ƙungiyar karantar da mata da ta kafa, suka haddace suna kai wa matan ƙauyuka. Ni ga dattijuwa a gidanmu da waƙa cike da bakinta, tana da wata ta reno da take saka sunana a ciki, waya na hannuna dare da rana amma ban taɓa danna rikodin ba. Yau ɗango biyu kawai nake iya tunawa, sauran na tambayi kowa a dangi babu mai shi.

Don Allah wanda tasa ke da rai ya je yau, kar ka ce sai an yi hutu. Zauna, kashe data, ka ce ta rera maka wadda ta yi maka kana goye, ka ɗauki muryar ka adana wuri biyu don waya tana lalacewa. Ka lura da hannunta, da yadda take kiran sunanka in ta ji haushi da in tana lallashi, ka rubuta a littafi ko ba amsa-amo, shi wannan ana samo shi daga baya. In ka yi waƙar ka karanta mata da bakinka tana ji.

Na sake rubuta tawa bara, baiti shida kacal, na fara da tarin nan na tsakar dare. Mahaifiyata ba ta iya saurara har ƙarshe ba, a baitin allura ta tashi ta shiga ɗaki.