Tirelar 'yan badujala ta ƙone, a ba su gudummawa?

A Amurka, ƙungiyoyin badujala na sa-kai masu shiga gasar DCI (Drum Corps International, gasar ƙungiyoyin badujala na matasa) kan yi rangadi duk lokacin zafi, ganguna da begiloli da kayan fareti a tirela ɗaya. Inda ake yawan tafka kuskure: inshorar mota galibi ba ta biyan kayan da ke ciki. Sai an yi musu tasu daban, an rubuta lambar kowane kaya, an ɗauki hotonsa.

A ganina a taimaka, yaran da ke ƙungiyar ba su da laifi, in ba a yi wa kayan inshora ba, sakacin na shugabanni ne. Amma kafin ka tura ko sisi, nemi rahoton 'yan sanda ko na 'yan kwana-kwana, da jerin abin da ya salwanta. Kuɗin ya shiga asusun ƙungiya, kada ya bi ta aljihun wani. Ka kuma tambaye su, baɗi an ware kuɗin inshora kuwa?