Daren da na gina Python sau uku a Ƙofar Ƙaura

Kwamfutar shagonmu da ke Ƙofar Ƙaura Ubuntu 22.04 ce a kanta, wato wani nau'in tsarin Linux, Python ɗin da ya zo da ita kuma, harshen da ake rubuta manhaja da shi, 3.10 ne. Ƙanena da ke aikin kammala digiri ya kawo mini wata manhaja da ba ta tashi sai da 3.12. Sai na sauke asalin rubutun Python daga shafinsu, na ce zan gina shi da hannuna. Bayan la'asar na fara: na sa build-essential, kunshin kayan harhaɗa manhaja, na buga ./configure, na buga make, rubutu ya yi ta gudu a baƙin allo har aka kira magariba.

Da na dawo daga masallaci na buga make altinstall. Wannan umarnin na zaɓa da gangan, domin make install zai kafa sunan python3 a kan sabon, alhali kayan Ubuntu da dama da tsohon suka saba. Nan ya tsaya, ya ce zlib not available. Na duba, ga laburaren zlib, mai matse fayil da warware shi, a kwamfutar, zaune daram. To me ya ɓata?

Na kira wani yayanmu a sana'a da ke Daura, wanda ya daɗe da Linux. Ya ce, "Malam, laburaren da ake aiki da shi daban, kayan da ake gini da su daban. Kana da tuwo, amma garin ne babu." Abin nufi, kunshin zlib1g yana ɗauke da fayil ɗin .so da manhajoji ke kira idan suna aiki, amma mai harhaɗawa fayil ɗin zlib.h yake nema, shi kuwa yana cikin zlib1g-dev. A Ubuntu da Debian ƙarshen sunan -dev ne, a Fedora -devel. Na ce, "Na gode Yaya," na sa shi, na sake gini daga farko.

Gini na biyu ya kammala lafiya. Murna ta kama mu, ƙanen nan har ya fara tattara jakarsa. Da muka buga pip don sauke abin da manhajarsa ke buƙata, sai ya ce ssl, sashen da ke tsare sadarwa, ba ya nan, ba zai iya taɓa intanet ba.

Wannan shi ya fi ba ni haushi, kuma shi ya fi koya mini. Python ba ya tsayawa idan ya rasa wasu laburare. Tsallake su yake yi ya wuce, sai a ƙarshen make ya rubuta sunayen sassan da bai samu kayan gina su ba. Na koma sama a allon, ga su nan a jere: _ssl, _sqlite3, _bz2, _lzma, readline, da layin da ke cewa yana buƙatar OpenSSL 1.1.1 ko sama da haka. Tun ginin farko suke wurin. Ido na ya wuce su saboda ban ga kalmar kuskure ba. Da na tsaya na karanta layuka goman nan, da awa biyu da datar ƙanena ba su tafi a banza ba.

Kafin gini na uku na daina kame-kame. Na sa apt-file, na sabunta shi, na tambaye shi wane kunshi ke da openssl/ssl.h, ya ce libssl-dev. Haka na bi sauran ɗaya bayan ɗaya: libsqlite3-dev, libbz2-dev, liblzma-dev, libreadline-dev, libffi-dev, da pkg-config da ke nuna wa configure inda kowanne yake. Daga baya Yaya ya ce apt build-dep python3.10 zai kwaso mafi yawansu a tashi ɗaya, muddin an buɗe layukan deb-src, masu nuna wa apt inda asalin rubutun kunshin yake. Na kuma gane dole a sake ./configure bayan an sa sabon laburare, don shi ne ke lalube ya rubuta abin da ya gani a config.log. Make kaɗai da tsohon lissafi zai ci gaba.

Ana tsakiyar gini aka ɗauke wuta, muka tada janareta kafin batir ya mutu.

Saura tuntuɓe ɗaya. A wannan karon na ƙara wa configure --enable-shared, wanda ke ware zuciyar Python a laburare daban, sai sabon Python ya ƙi tashi, wai bai ga libpython3.12.so.1.0 ba. Fayil ɗin yana /usr/local/lib, na gan shi da idona, kuma ldd, mai jera laburaren da manhaja ke nema, ya nuna shi kaɗai ne ba a samu ba. Tsarin bai sabunta jerin laburarensa ba ne kawai. Sudo ldconfig ya warware shi cikin ƙiftawar ido.

Wajen sha ɗaya na dare pip ya sauke kayansa, manhajar ta tashi. Na rubuta sunayen kunshin nan takwas a takarda na liƙa a jikin teburi, sannan na ɗauki yaron a babur na kai shi Ƙofar Marusa.