Tashar da jirgi ba ya jiran ta cika

Jiya da yamma muna zaune bakin shagon abokina ana shan shayi sai hira ta kai kan jirgin ƙasan nan da za a kawo mana Maradi daga Kano, wani yaro ya ce shi ko a mafarki bai taɓa shiga jirgin ƙasa ba. Dariya ta kama ni, don na tuna abin da ya same ni a Faransa a 2022 lokacin da na je wajen yayana.

Shi yaya ba cikin Paris yake ba, yana Sevran ne can arewa maso gabas, yankin da suke ce ma 93, unguwannin ma'aikata da baƙi irin mu. Kullum da asuba yake shiga jirgin ƙasa na layin RER B ya tahi aiki cikin birni, layin da ke kai mutane filin jirgin sama na Charles de Gaulle. To a wannan layi akwai wata tasha, Aulnay-sous-Bois, nan hanya ke rabuwa biyu, ɗaya ta yi filin jirgi ɗaya ta yi Mitry-Claye. Abin da ban sani ba, kowace hanya tana da nata Sevran! Akwai Sevran-Beaudottes a hanyar filin jirgi, inda yaya yake, akwai Sevran-Livry a hanyar Mitry.

Ranar da na ce ni ma na waye zan iya hita ni kaɗai, na dawo daga tashar Gare du Nord ta cikin Paris, na ga Sevran a allo kawai na faɗa ciki, muka wuce Le Bourget, Drancy, Blanc-Mesnil, ina ta kallon taga kamar ɗan ƙauyen da ya zo kasuwar Maradi ranar Juma'a, da na sauka sai na ga wuri ya canja mini kamanni, babu babban kantin da na riƙe a matsayin shaida. Ga sanyi ga batirina saura kaɗan. Na kira shi na ce Yaya na ɓata. Ya ce ƙanena karanta mini allon da ke saman kanka, na karanta, wallahi dariyarsa har yau tana kunnena. Ya ce koma Aulnay ka jira wanda sunansa ya fara da E. Ashe kowane jirgi yana da suna na harufa huɗu a goshinsa, harafin farko ke faɗin inda zai ƙare, E filin jirgi, I kuwa Mitry.

Zaman da na yi a Aulnay shi ya tsaya mini a rai, ya fi mini hasumiyar Eiffel ma. Mata da kekunan jarirai, ƴan lakkol da jakunkuna, wani dattijo baƙin mutum da rigar aiki yana gyangyaɗi a tsaye, kowa ya ɗora katinsa na Navigo ƙofa ta yi ƙara ta buɗe ya wuce ba sannu ba ina kwana. Daga gefe ga taragon T4 mai zuwa Bondy. Jirgi ya zo, ƙofa ta buɗe, ƙararrawa, ta rufe, ya tahi ko da kujeru rabi babu kowa. Ba kamasho, ba saura mutum ɗaya. Ni da na saba in zauna a tasha tun hantsi har azahar ana jiran motar Dakoro ta cika, sai da abin ya ɗaure mini kai.

Ba wai aljanna ba ce fa. Da safe cunkoson ya fi na motar ranar kasuwa, kuma in an shiga yajin aiki kowa ido yake rainawa fata. Yaya ya ce a Janairun 2025 tikiti ya koma yuro 2,50 duk inda za ka a yankin in ban da filin jirgi, wajen 1600 kenan a kuɗinmu na sefa.

Namu jirgin kuwa, a Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin, kilomita 284 daga Kano ta Katsina da Jibiya. Mun dai ga na Yamai zuwa Dosso, an shimfiɗa ƙarfe jirgi bai yi jigila ba, shi ya sa ba na saurin murna. Yaron nan ya tambaye ni ko direban zai ɗan jira shi in ya makara, na ce masa ya sha shayinsa kafin ya huce.