Abin da na gano da na bi diddigin sunan Rodríguez

Gardamar gidan kallon ƙwallo ce ta sa ni wannan aiki. Wani ya rantse cewa James Rodríguez na Kolombiya, da Pedro Rodríguez tsohon ɗan wasan Barcelona, da Maxi Rodríguez na Ajantina duk jini ɗaya ne. Na ga ya dace in bincika da kaina.

Na fara da ma'anar sunan. Wannan "-ez" da ke ƙarshe yana nufin "ɗan wane", kamar yadda muke cewa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Rodríguez ke nan ɗan Rodrigo, Fernández ɗan Fernando, González ɗan Gonzalo. Shi kuma Rodrigo suna ne na Bisigot, wata ƙabila daga dangin Jamusawa da ta mulki ƙasar Sifaniya kafin zuwan Musulunci, kuma ya haɗa ma'anar shahara da iko. Inda abin ya fi riƙe ni shi ne da na ga cewa sarkinsu da Ɗariƙu bin Ziyad ya ci da yaƙi a shekarar 711 sunansa ke nan. Shi ne Luzariƙ ɗin da muka karanta a tarihin Andalus.

A da, sunan kan sauya daga uba zuwa ɗa. Wani shahararren jarumin Sifaniya, El Cid, wanda ya mutu a Valencia a 1099, sunansa Rodrigo Díaz saboda mahaifinsa Diego ne. Daga baya ne sunayen suka tsaya cik, jika ya gaji na kaka. To Rodrigo nawa aka yi a ƙauyukan yankunan Kastila da Galisiya na Sifaniya? Kowanne ya bar nasa Rodríguez, kuma babu abin da ya haɗa su.

Don sanin yawansu, shafin hukumar ƙididdiga ta Sifaniya, INE, ya fi yi mini amfani: kyauta ne, ka rubuta suna ya nuna maka yawansa lardi-lardi. García ne kan gaba, Rodríguez yana cikin na kusa da shi, da mutum sama da 900,000 da ke ɗauke da shi a matsayin sunan farko na iyali. Sai an lura da wannan, domin ɗan Sifaniya suna biyu yake gada, na uba da na uwa. A Kolombiya Rodríguez ne ya fi kowane suna yawa. A ƙidayar Amurka ta 2010 ya zo na 9. A Fotugal da Burazil kuwa Rodrigues ake rubutawa, da "s".

Shafukan da na daina yarda da su su ne masu sayar da tambarin gida, waɗanda za su ce ga garkuwar zuriyar Rodríguez, ka biya a buga maka. A Sifaniya wani gida takamaimai ake ba wa tambari, ba duk mai sunan ba.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne yadda sunan ya ƙetare teku. Ba duk mai ɗauke da shi a Latin Amurka ne jikan Turawa ba. Mutanen ƙasar na asali da bayin da aka kwaso daga Afirka da yawa sun samu sunayen Sifaniyanci ne wajen baftisma, ko daga wanda ya mallake su. A Filifin ma, lokacin tana ƙarƙashin mulkin Sifaniya, doka ce Gwamna Narciso Clavería ya kafa a 1849, aka raba wa jama'a sunayen iyali daga wani kundi da hukuma ta tsara.