Kwana 35 da zuba buroila: abin da sikeli ya nuna bayan rage musu abinci

'Yan'uwa masu koyon kiwo irina, ga inda aka kwana da buroilan nan 60, wato kajin nama masu saurin girma, da na zuba a bayan gida. Kun tuna na raba su biyu da raga a tsakani, talatin nan talatin can. Na hagu abinci na gabansu dare da rana. Na dama su ne nake ɗauke wa mazubi.

Makon farko ban taɓa kowa ba, ku ma kada ku taɓa. Ɗan tsako yana zuwa da nauyin giram 40 ko ɗan sama da haka, ana kuma so ya ninka sau huɗu kafin kwana bakwai. A kwanakin nan hanjinsa ke ginuwa, in aka cuce shi a nan da wuya ya farfaɗo.

Daga kwana na 8 na fara ɗauke wa na dama abinci awa shida kullum. Ranar kwana na 14 da na ɗora su a sikeli gabana sai da ya faɗi: na hagu wajen giram 470, na dama 410. Uwargida ta leƙo ta ce, "Malam, ka ji tsoron Allah, bayin Allahn nan azumi ka sa su?" Ba ni da amsa a ranar. Yau kuwa na hagu na kan kilo 2, na dama kilo 1.9. Sun biyo sawu sosai, amma ba su kamo ba, kuma ba na jin za su kamo.

Inda na ga bambanci na gaske shi ne da zafin bazara ya tsananta. Kaza ba ta gumi, haki kawai take yi, kuma narkar da abinci kansa yana ƙara mata zafin jiki. Sai na mayar da awannin ɗaukewar daga 11 na safe zuwa bayan la'asar, da dare in kunna musu fitila mai caji su ci cikin sanyi. A na hagu na rasa uku, dukkansu manya masu ƙiba. Biyu na tarar da su a rigingine ƙafafu sama, ɗaya kuma da na farke ta na tarar da ciki cike da ruwa. Likitan dabbobi ya ce girman ne ya fi ƙarfin zuciyar. A na dama ko ɗaya ba ta mutu ba, ƙafafunsu ma sun fi ƙwari.

Kuskurena shi ne mazubi. Biyu kacal na sa musu, to da an mayar da abinci sai wawaso, masu ƙarfi su cika maƙoƙo, raunana su tsinci gari. Har yanzu akwai guda biyar da suka tsumbure saboda haka. Yanzu mazubi huɗu ne, kuma lokaci ɗaya nake ajiye su. Ruwa kam ko na minti ɗaya ban taɓa ɗauke musu ba.

Wanda ke tunanin zai rage kuɗin buhu da wannan dabara, abin da na rage bai kai rabin buhu mai kilo 25 ba. Ranar kwana na 42 zan sake auna su kafin mai sayen ya zo, ƙananan biyar ɗin kuma na ware su daban tun jiya.