Ƙafar baya ce ta fara ba ni kunya

A tafiyata ta farko mai nisa da keke, ran kwana na huɗu na ji "ƙas!" daga baya. Sifok ɗaya, wato ɗaya daga cikin wayoyin ƙafar keke, ya tsinke. Kafin la'asar na biyu ya bi sahu, ƙafar ta shiga rawa tana gogar robar birki. Kayan da na ɗaure a kariya sun kai kilo 25, ga ni a kai, ƙafar kuwa mai sifok 32 ce da inji ya haɗa, ba wanda ya bi ta da hannu.

Abin haushin, duka biyun ta gefen sarƙa suka tsinke. Daga baya na gane dalili: giya ta ci wuri a wannan gefen, shi ya sa sifok ɗinsa suka fi ɗaurewa. Kuma sabo ba ya shiga sai an kwance giyar gaba ɗaya, makullinta kuwa na bar shi a gida.

Yanzu ƙafar bayana sifok 36 ne, kowane ya gitta uku, a kan rim mai bango biyu. Na zaɓi irin sifok ɗin da kaurin bakinsu milimita 2.0 ne, na tsakiyarsu 1.8. Wani abokina ya ce sirara ai sun fi saurin karyewa. Ba haka ba ne. Tsakiyar tana ɗan miƙewa ta shanye jijjiga, sai lanƙwasar da ke jikin hob, wato cibiyar ƙafar, ta huta, can ne dai sifok ya saba tsinkewa. Amma wallahi duk wannan bai kai hannun maɗauri ba. Idan ya daidaita ƙarfin ɗaurin ko'ina, sai ka manta da ƙafar. Hob kuwa na Shimano nake so, mai 'ya'yan boris a sake: sifana biyu da giris, an gama.

Gardamar girman ƙafa, inci 26 ko 700C, ba na shiga. Wanda za ka samu tayarsa a hanyar da za ka bi, shi ne naka.

Birki ne ya daɗe yana ba ni ciwon kai. Mai matse rim ba shi da wuyar gyara, sai dai a ruwa da laka yana cin jikin rim kamar zarto. A doguwar gangara da kaya kuma rim kan yi zafi har tif ya fashe. Na taɓa tsayawa na taɓa nawa, ban sake ba.

Sai na koma na faifai, amma mai waya, Avid BB7. Na san mai aiki da mai a bututu ya fi laushi a hannu, ya fi kamawa, masu shi ba ƙarya suke ba. To idan bututun ya yoye a daji fa? Waya kam minti goma na sauya ta. Faifan gaba na sa milimita 180, na baya 160. Shi ma yana da halinsa: keke ya faɗi faifan ya lanƙwashe, ka yini kana jin "shi, shi, shi", kuma kai za ka riƙa matso da robar da hannu yayin da take cinyewa.

Sifok huɗu na manne a jikin firam, na gefen sarƙa uku. Makullin giya kuwa yana aljihun jakar da fasfo yake.